Syndicate, Crusader, System Shock da Deus Ex a kwamfutar yau: hanyoyi biyar, wacce za ka bi?

Akwai wani rukuni na wasannin kwamfuta da suka fito tsakanin 1993 da 2004 waɗanda har yau masu buga su ba su daina zancensu ba. Kusan duniyarsu ɗaya ce: manyan kamfanoni sun fi gwamnati ƙarfi, ana sa wa jama'a ido dare da rana, talaka ba shi da ta cewa, kai kuma an miƙa maka makami an tura ka tsakiyar rikicin. A Syndicate na kamfanin Bullfrog, wanda ya fito a 1993, kana juya ma'aikata huɗu da aka cusa wa na'urori a jiki, kana ƙwace yankuna ɗaya bayan ɗaya. A Crusader: No Remorse na kamfanin Origin, na 1995, soja ne mai jan sulke ya juya wa iyayen gidansa baya ya koma wajen 'yan tawaye. System Shock na 1994 da na biyunsa na 1999 sun haɗa ka da SHODAN, manhajar da ta ɗauki kanta abin bauta. Deus Ex na shekarar 2000 ya sa ka a rigar JC Denton a 2052, ana annoba ana kuma ɓoye maganinta. Sai Half-Life 2 na 2004 da birninsa na City 17.

Mai marmarin komawa gare su yakan ɗauka abin ba wuya, tunda ko wayar da ke aljihunsa ta fi kwamfutar 1999 ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai ya ɗora wasan ya tarar da baƙin allo, ko hoto ya miƙe gefe da gefe, ko mutanen ciki suna ta gudu magana tana yankewa a tsakiya. Sau da yawa ma ƙarfin kwamfutar ne yake jawo hakan. Hanyoyin magance wannan biyar ne: saye a GOG, saye a Steam, amfani da tsohon faifanka ka gyara da kanka, sayen sabon bugun da aka gyara, ko kuma komawa tsohuwar kwamfuta, ta gaske ko ta kwaikwayo.

Fara duba shekarar wasan

Kafin a auna hanyoyin, a san cewa wasannin nan hawa uku ne, kuma ciwon kowane hawa daban.

Na zamanin DOS, tsohon tsarin da kwamfutoci ke aiki da shi kafin Windows ya mamaye, wato zuwa 1996, su ne Syndicate, Syndicate Wars, Crusader guda biyu da System Shock na farko. Windows mai bit 64 ba ya buɗe manhajar DOS kwata-kwata. Duk da haka su ne mafi sauƙin sha'ani, domin manhajar DOSBox tana kwaikwayon kwamfutar wancan lokacin gaba ɗayanta, har da katin sauti, kuma kowace laftof ta shekaru goma da suka wuce za ta ɗauke shi.

Na tsakiya, daga 1997 zuwa wajen 2002, su ne masu ba da ciwon kai. An rubuta su don Windows 95 da 98, don furosesa mai cibiya ɗaya da saurinta ba ya canzawa, da katunan hoto irin Voodoo na kamfanin 3dfx, wanda ya durƙushe Nvidia ta sayi kadarorinsa a ƙarshen 2000. Windows na yau zai buɗe su, amma rabi da rabi. System Shock 2 da Deus Ex nan suke.

Daga 2004 zuwa sama yawanci sai dai ka ɗora ka buga.

Ma'aunai

Kuɗi, wanda ya haɗa da farashin wasan, datar da za a ƙona wajen sauke shi, da duk wani kayan da sai an saya. Ɗorewa, wato ko nan da shekara goma abin da ka saya zai sake buɗewa ba tare da neman izinin kowa ba. Sauƙi, wato aikin da ke tsakanin biyan kuɗi da fara wasa. Haɗari, na cutar kwamfuta, na asarar kuɗi, da na lalacewar kaya. Na biyar shi ne kama da asali, kuma ga mai marmari wannan ba ƙaramin abu ba ne, don akwai wanda abin da yake nema shi ne ainihin hoton da sautin da ya sani, akwai kuma wanda labarin da yanayin kawai yake so.

Hanya ta farko: GOG

GOG shago ne na intanet daga ƙasar Foland, an buɗe shi a 2008 musamman don tsofaffin wasanni. Abin da ya bambanta shi shi ne ba ya sa wa wasa makulli. Idan ka saya, kana iya shiga ɗakin ajiyarka a shafinsu ka sauke fayil ɗin girkawa kai tsaye, ba sai ka ɗora manhajarsu ta Galaxy ba. Wannan fayil ɗin zai girka wasan a kowace kwamfuta ba tare da intanet ba.

Farashin waɗannan tsofaffin yawanci tsakanin dala 6 ne da dala 10, kuma a lokutan rangwame sukan faɗo zuwa dala ɗaya ko biyu. Data ba abin damuwa ba ce: na DOS daga 'yan megabait zuwa 'yan ɗaruruwa, Deus Ex bai kai gigabait ɗaya ba. Suna karɓar mayar da wasa cikin kwana 30. Wahalar da mai saye daga Najeriya ko Nijar zai fi haɗuwa da ita ita ce biya, domin ba kowane katin banki ne ke wucewa a shagunan waje ba, sai ka tabbatar da naka kafin ranar rangwame ta zo.

A ɗorewa babu wadda ta kama ƙafar wannan hanya, amma da sharaɗin ka sauke fayil ɗin ka ajiye. A watan Yuni na 2021 an cire Syndicate da Syndicate Wars daga shagon bisa buƙatar EA, mai haƙƙin mallakarsu, sai a watan Agusta aka dawo da su bayan jama'a sun yi ƙorafi. Waɗanda suka riga suka saya ba su rasa komai ba, wanda bai saya ba kuwa ƙofa ta rufe masa na wannan lokacin. Saboda haka ranar da ka saya, ranar za ka sauke, ka ajiye kwafi a wuri biyu, misali faifan ajiya na waje da filashi. Filashi kaɗai ba abin dogaro ba ne idan zai shekara a aljihun tebur.

Wasannin DOS suna zuwa da DOSBox a shirye, sai ka danna su buɗe. Gyaran da akan buƙata kaɗan ne, kuma yana cikin fayil mai ƙarewa da .conf a foldar wasan. Buɗe shi da Notepad ka duba layuka uku. Ka mayar da fullresolution zuwa desktop, don kada allo ya riƙa ƙiftawa yana neman ƙaramin girman da sikirin na yau ba ya so. Ka mayar da output zuwa opengl idan hoto yana jan ƙafa ko ya yi baƙi. Ka sa aspect=true. Wannan na ƙarshen yana da dalili: wasannin DOS da yawa suna zana hoto a 320 sau 200, tsohon sikirin mai ƙeya kuma yana miƙa shi ya cika siffar 4:3. Idan ba a gyara ba, fuskoki sukan fito a daddanne, da'ira ta koma ƙwai.

Akwai matsalar da ba ta manhaja ba ce. Crusader an tsara shi ne da maɓallan lambobi na gefen dama na kibod, laftof da yawa kuma ba su da su. Kana iya danna Ctrl da F1 ka sake rarraba maɓallan a DOSBox, amma kibod ɗin USB cikakke ya fi sauƙi kuma ba shi da tsada.

System Shock 2 na GOG yana zuwa da facin NewDark a ciki, wato gyaran manhaja da ake ɗora wa wasan, wanda wani da bai bayyana kansa ba ya sake a 2012. Shi ya kawar da daskarewar da wasan ke yi a furosesa mai cibiya da yawa, ya kuma ba shi faffaɗan allo. Deus Ex ne yake buƙatar hannu, ko a ina ka saye shi, kuma ga yadda ake yi:

1. Girka shi a wuri irin C:\Games\DeusEx. Kada ka sa shi cikin Program Files, domin Windows yana hana tsofaffin manhajoji rubutu a can, sai ya karkatar da ajiyar wasanka zuwa wata ɓoyayyiyar folda, ka yi ta nema.
2. Buɗe wasan sau ɗaya ka rufe, don ya ƙirƙiri fayilolin saitinsa.
3. Sauke Deus Exe, gyararren fayil ɗin buɗe wasan, daga shafin mai shi, Marijn Kentie. Ajiye kwafin DeusEx.exe na asali a gefe, sannan ka zuba sababbin fayilolin a foldar System.
4. Daga wannan shafin ka sauke mai zanen hoto na Direct3D 10, shi ma ka zuba a System, ka zaɓe shi a saiti. Na asali yakan fito da duhu ƙwarai a katunan yau, ga wasan da ma kusan duk da dare ake yinsa, kuma maɓallin ƙara haske sau da yawa ba ya aiki.
5. Ƙayyade yawan hotuna a 60 cikin daƙiƙa.

Mataki na biyar shi ke hana yankewar magana. Injin Unreal na farko, manhajar da aka gina Deus Ex a kanta, yana auna saurin furosesa ne lokacin da aka buɗe wasa, ya ɗauka haka za ta zauna. Furosesar yau kuwa tana hawa tana sauka gwargwadon aiki da zafi. Mai laftof ya fi ganin wannan: an ɗauke wuta, na'ura ta koma kan batir ta rage sauri, nan take wasan ya canza tafiya. Ka sa tsarin wutar Windows a mafi ƙarfi kafin ka buɗe.

Hanya ta biyu: Steam

Steam shi ma shagon wasanni ne na intanet, na kamfanin Valve. Farashi kusan ɗaya ne da na GOG, rangwamen ma haka. Sharaɗin mayarwa ya fi tsauri: cikin kwana 14, kuma kada ka buga fiye da awa biyu. A kula da wannan, domin awa biyun da ka ɓata kana neman gyaran baƙin allo da wasan a buɗe suna cikin lissafi.

Half-Life 2 a kwamfuta ta nan kaɗai ake samunsa, kuma Valve, wanda ya yi wasan, yana kula da shi. A watan Nuwamban 2024, da ya cika shekara ashirin, an haɗe masa Episode One da Episode Two cikin saye ɗaya. Mai Deus Ex a Steam yana iya sauke Revision kyauta, gyaran masoya da ya fito a 2015 wanda ya sake fasalin taswirori da kiɗa. Mai Linux ma nan ya fi samun sauƙi, saboda Proton, manhajar Steam mai buɗe wasannin Windows a Linux, yana buɗe tsofaffin wasannin Windows da yawa, wasu ma sun fi lafiya a can.

Inda take da rauni shi ne ɗorewa. Yawancin abin da ka saya yana rataye da asusunka da manhajar Steam, ita kuma manhajar tana barin tsofaffin Windows a baya: ta daina aiki da XP da Vista a farkon 2019, ta bar 7 da 8 a farkon 2024. Wato wasan da aka yi don XP ba za ka iya sauke shi ta Steam a kan XP ba. Tana da yanayin aiki ba intanet, amma sai ka shiga asusun tukuna, kuma duk sanda ta ga intanet sai ta nemi sabunta kanta da wasanninka. Mai sayen data ya shiga saitin kowane wasa ya sa a sabunta shi sai lokacin da aka buɗe shi kawai. A kwamfuta mai RAM gigabait 4, manhajar da kanta takan cinye rabo mai yawa kafin wasa ya fara.

Haɗarinta na asusu ne. Ka kunna Steam Guard, ƙarin kariyar asusu mai neman lambar tabbatarwa, tun ranar farko, kada ka sayi asusun wani komai arharsa, domin mai shi na asali yana iya ƙwace abinsa ta adireshin imel da ya buɗe da shi. Ƙaramin abu kuma: a Deus Ex maɓallin F12 ne ke kunna fitilar idon JC, a Steam kuma F12 ne ke ɗaukar hoton allo. Idan ba ka canza ɗaya ba, duk shiga lungu mai duhu sai ka tara hoto.

Hanya ta uku: tsohon faifanka

Idan faifan yana nan cikin akwati, kuɗin wasa ya fita daga lissafi. Abin da za ka saya shi ne na'urar karanta CD ta USB, tunda laftof ɗin yau ba su da ita. Aikin farko shi ne kwafe faifan zuwa fayil, ka mayar da shi ma'ajiyarsa. A nan ake yawan kuskure: idan faifan yana ɗauke da kiɗa a matsayin waƙoƙin CD, kamar Syndicate Wars, kwafin ISO zai ɗauki bayanai ya bar kiɗan. Sai ka yi shi a tsarin BIN da CUE. Ƙananan faifan fulofi masu shekara talatin kuwa, kada ka sa rai sosai.

Ga wasan DOS, ɗora DOSBox, ko ɗaya daga cikin rassansa da ake ci gaba da gyarawa, DOSBox Staging ko DOSBox-X, tunda na asalin ya tsaya a 0.74-3 tun 2019. Buɗe folda C:\dos ka sa kwafin a ciki, sannan ka rubuta:

mount c c:\dos
imgmount d c:\dos\faifai.cue -t iso
d:
install

Da ya tambaye ka katin sauti, zaɓi Sound Blaster 16, adireshi 220, IRQ 7, DMA 1. Wasu wasannin sukan ba da IRQ 5 da kansu. Idan lambar wasan da ta DOSBox suka saɓa, sauti yakan fara ya yanke, ko wasan ya tsaya cak a ƙarar farko. Sai sauri: Ctrl da F11 yana ragewa, Ctrl da F12 yana ƙarawa, a laftof kuma ƙila sai ka haɗa da Fn. Layin cycles=fixed 20000 ya yi kusa da ƙarfin 486, wanda ya dace da Syndicate na farko, 60000 kuma ya yi kusa da Pentium na farko, wanda Crusader da Syndicate Wars suka fi so. Idan ka sami saurin da ya yi maka, rubuta shi a fayil ɗin saiti.

Faifan zamanin tsakiya su ne masu gardama. Wasu masu girkawar an rubuta su da bit 16, Windows mai bit 64 ba zai ko buɗe su ba. Wasu faifan suna da makullin SafeDisc, wanda Windows 10 da 11 ba sa goyon baya, sai wasan ya yi ta cewa ka saka faifai alhali yana ciki. Mai girka System Shock 2 na asali ma ƙin aiki yake a duk Windows na dangin NT, wanda na yau ma a ciki yake, sai an ƙara -lgntforce a umarnin buɗe shi, bayan nan kuma sai an bi da SS2Tool don ya sa NewDark. Wasan da ya nace sai katin Voodoo ana lallaɓa shi da dgVoodoo2, mai fassara Glide, wato tsarin hoton katin Voodoo, da tsohon DirectX zuwa na yau. Manhajojin kariya sukan yi kuskuren kama shi, shi ya sa dole a ɗauko shi daga shafin mai shi kawai, don ka san abin da kake wa uzuri.

Faifan Half-Life 2 na hannu kada ka saya. Tun 2004 sai an ɗaure lambarsa da asusun Steam, kuma lambar da aka yi amfani da ita sau ɗaya ta tafi ke nan.

Akwai shafukan da ke raba waɗannan wasanni kyauta da sunan an yi watsi da su. Ba a yi watsi da su ba, duk tsofaffin da aka ambata a sama suna da masu su kuma ana sayar da su. Fayil ɗin girkawa da wani ya sake ɗaurewa kana ba shi izinin shiga ko'ina a kwamfutar da kake buɗe asusun banki da ita, saboda wasan dala biyu.

Hanya ta huɗu: bugun da aka gyara ko aka sake ginawa

A nan dole a rarrabe abu biyu. Gyararren bugu shi ne tsohon wasan da aka yi wa kwaskwarima. Sabon gini kuwa wasa ne da aka sake daga tushe.

System Shock shi ne ya fi cin moriyar wannan. Na 1994 yana da wuyar sarrafawa ƙwarai, sai ka haɗa maɓallai da yawa kafin ka ɗaga kai ko ka sunkuya. Enhanced Edition da kamfanin Nightdive ya fitar a 2015 ya bar taswirori da muryoyi yadda suke, ya ƙara duba da linzami da babban hoto, farashinsa wajen dala 10, kuma ƙaramar kwamfuta na ɗaukarsa. Sabon ginin da ya fito a watan Mayun 2023 wani abu ne daban: wajen dala 40 idan ba rangwame, kimanin gigabait 10, kuma yana son katin hoto na musamman. Laftof ɗin ofis mai katin Intel na ciki zai sha wahala. System Shock 2 ya sami nasa gyararren bugun a watan Yunin 2025, da sababbin siffofin halittu da damar amfani da abin sarrafa wasa na riƙewa a hannu, a wajen dala 30.

A sauƙi wannan hanya ce gaba, haɗari kuma kusan babu. Abin da ake biya shi ne kuɗi da wani kaso na asali. Duhu da ƙarancin bayani a tsohon hoto suna cikin abin da ke tsorata mai wasa, kuma idan aka haskaka komai aka gyara kowace fuska, tsoron yakan ragu. A ganina wanda ya san wasan tun da ya fara da gyararren bugu, wanda bai taɓa bugawa ba ya fara da sabon gini.

Crusader ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, amma ScummVM, manhajar buɗe tsofaffin wasanni, tun bugunsa na 2.5 a 2021 yana buɗe No Remorse idan ka nuna masa fayilolin wasan, na GOG ko na faifai. Kyauta ne, kuma sake tsara maɓallai ya fi sauƙi a cikinsa. Syndicate na 2012 kuwa suna kawai ya haɗa shi da na 1993, domin wasan harbi ne ta idon mutum ɗaya. Mai neman salon ma'aikata huɗu da ake kallo daga sama a sabon hoto, Satellite Reign na 2015 ya fi kusa.

Hanya ta biyar: tsohuwar kwamfuta

Ta kwaikwayo ita ce 86Box ko PCem, waɗanda ke kwaikwayon uwar allo, furosesa, katin Voodoo da katin sauti, kai kuma ka girka Windows 98 a ciki da direbobinsa kamar a 1999. Manhajar kyauta ce, amma tana cin ƙarfi sosai, kuma ƙarfin cibiya ɗaya take dogaro da shi. Pentium na farko yawancin kwamfutocin yau za su iya. Pentium II, wanda Deus Ex ke buƙata a ƙalla, sai babbar furosesa ta kwanan nan. Da zarar ma'aunin saurin da ke saman tagar ya sauka ƙasa da kashi 100, sauti zai fara karkarwa. VirtualBox ba madadin wannan ba ne, domin ba shi da direban hoto na Windows 98, kuma tun bugu na 6.1 ya cire taimakon 3D na XP.

Ta gaske kuma ita ce Pentium III da Windows 98 SE da sikirin mai ƙeya. Babu abin da ya kai ta kama da asali, babu kuma abin da ya kai ta jidali. Kafin ka jona, duba bayan akwatin wuta: waɗanda aka shigo da su daga Amurka suna da ɗan jan makunni na 115 da 230, idan yana kan 115 ka jona a wutarmu, nan take zai ƙone. Buɗe akwatin ka duba kafasito a kan uwar allo, duk wanda kansa ya kumbura ko ya zubar da ruwan ƙasa-ƙasa sai an canza shi, kuma allunan farkon shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna a wannan. Canza batirin CR2032. Maye tsohon faifan IDE da katin CF da adaftarsa. Kada RAM ya wuce megabait 512, domin Windows 98 yakan rikice sama da haka, kuma kada faifan ajiya ya wuce gigabait 137. Kada ka haɗa ta da intanet ko kaɗan, ka riƙa kai mata fayiloli da CD ko katin. Sai ka lissafa sitabilaiza, UPS, da busa ƙura duk bayan hunturu. Katin Voodoo na gaske ya zama kayan masu tarawa, kuɗinsa kaɗai zai saya maka duk wasannin da ke cikin wannan rubutu.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari | Kama da asali |
|---|---|---|---|---|---|
| GOG | Kaɗan | Sosai, in ka ajiye fayil | Mai sauƙi, sai ɗan faci | Kaɗan | Sosai |
| Steam | Kaɗan, amma data | Rataye da asusu | Mai sauƙi | Satar asusu | Sosai |
| Tsohon faifai | Na'urar CD kawai | Sosai, bayan an kwafe | DOS matsakaici, na 1997 zuwa 2002 mai wuya | Facin da ba a san tushensa ba | Sosai |
| Gyararre ko sabon gini | Dala 10 zuwa 40 | Gwargwadon shagon | Mafi sauƙi | Kusan babu | Daga sosai zuwa kaɗan |
| 86Box ko PCem | Babbar furosesa | Sosai | Mai wuya | Kaɗan | Kusan cikakke |
| Tsohuwar kwamfuta | Mai yawa | Kayan suna mutuwa | Mafi wuya | Wuta, zafi, ƙura | Cikakke |

Wace ce taka

Mai laftof ta hannu, RAM gigabait 4 ko 8, ba katin hoto na musamman, data kuma a ƙididdige: GOG. Syndicate, Crusader biyu, System Shock na Enhanced Edition da Deus Ex da facinsa duk za su yi tafiya lafiya, kuma sau ɗaya za ka sauke. Inda wuta ba ta da tabbas ka riƙa ajiye wasa a gurbi uku kana juyawa, domin ɗaukewar wuta a daidai lokacin ajiya tana lalata fayil ɗin.

Mai son Half-Life 2, ko mai Linux, ko wanda ya riga ya tara wasanni a can: Steam. Babu laifi a raba, Half-Life 2 a Steam, sauran a GOG.

Mai faifan DOS a gida ya kwafe shi ya yi amfani da DOSBox Staging, aikin yamma ɗaya ne. Mai faifan System Shock 2 ko Deus Ex kuwa gara ya ajiye faifan don tarihi ya jira rangwame, domin wahalar makulli da mai girkawa ta fi kuɗin.

Wanda yake so ya nuna wa ƙaninsa ko ɗansa abin da ya sa ake zancen SHODAN, kuma yana da katin hoto, ya ba shi sabon ginin 2023. Tsohon tsarin maɓallai yakan kori sabon shiga kafin ya kai inda daɗin yake. A kuma duba shekarun yaron, domin akwai jini da ban tsoro a dukkan wasannin nan.

Mai Mac ya tsaya kan na DOS ta DOSBox Staging ko ScummVM, tunda daga bugun macOS Catalina na 2019 tsarin ya daina buɗe manhajoji masu bit 32, tsofaffin bugun Mac na wasanni da yawa sun tafi da wannan.

Mai sha'awar na'urar kanta, wanda girka direba da sauraron ƙarar buɗewar Windows 98 suna cikin abin da yake marmari, ya fara da 86Box a saitin Pentium MMX da Voodoo na farko. Idan bayan wata guda har yanzu yana jin daɗin aikin, sai ya shiga neman Pentium III, ya kuma tafi kasuwa da wanda ya iya canza kafasito.